Maganin da Yaya Ummaru Kan Ajiye Kafin Layya

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Ummaru, mahauci a Talata Mafara. Ya rasu ana saura 'yan makonni Babbar Salla. A bana na so in yi wannan rubutu a daidai lokacin, sai na kasa. Ɗansa na fari, Lawali, ya gaji wuƙarsa, ya kuma gaji ciwonsa, ga Layya tana matsowa, ban kuma san ko zai yi abin da ubansa ya saba yi a irin wannan lokaci ba. Sai na ce bari Salla ta wuce tukuna.

Abin da uban ya saba yi shi ne ajiye magani. Sai na koma baya kafin a gane nauyin wannan magana.

Gidanmu gidan fawa ne tun kakanni. Ni ne boko ya ɗauke ya kai Kaduna, Yaya Ummaru kuwa ya tsaya a kan sana'a, ya kuma yi suna a fiɗa. Zai feɗe sa ya miƙa maka ƙirgi ba huda ko ɗaya, ba tsoka a manne. Masu sayen fata sukan tsaya jiran nasa. Tun yana saurayi kuma yake da wani ciwo mai fuska biyu, wanda a gida muka raɗa wa suna tashi da kwanciya.

In tashi ta zo, barci yakan ƙaurace masa, ba ya kuma jin gajiya. Magana ta riƙa fita kamar ana korar ta, kafin ya ƙare wannan zance ya kama wani. Zai hau babur ya nufi Maradun, ya shiga Dosara, ya ɓulla Kaya, ya yi cinikin dabbobin da ba mu da inda za mu ɗaure su. Wata shekara, cikin tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, ya sayi sa a Faru da niyyar kasuwar Talata. Bai bar garin da shi ba. A bakin masallaci ya sa aka kayar da shi, ya yanka, ya feɗe, ya rabar gida-gida. Ba suna, ba biki, ba Salla. Ya dawo gida da igiya kawai, yana dariya.

Bayan wasu makonni sai kwanciya. Ya shige ɗaki ya juya fuska ga bango. Abinci ya huce a rufe. Matarsa Kulu ta riƙa shafa wa wuƙaƙensa mai don kada su yi tsatsa. Abin da ya fi ɗaure mini kai a wannan hali shi ne gaisuwa. Ka zauna a bakin tabarmarsa ka jero masa ita duka, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya hidima, zai amsa maka kowace a muhallinta: lahiya lau, ba gajiya, sai godiya. Fuskar tana bango, hawaye na bin kunne.

Da farko Bakura aka kai shi, wajen wani malami dangin mahaifiyarmu. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, kuma ba zan ce bai amfana ba, don na ga yadda karatu ke kwantar masa da numfashi. Amma abin yakan tafi ya dawo. Daga baya muka kai shi wajen wani likitan ƙwaƙwalwa a Sakkwato, dattijo mai sanyin murya. Shi ya fara gaya mana cewa ba ciwo biyu ba ne, ba kuma lalaci ba ne. Ciwo ɗaya ne da ke ɗaga mutum sama ya sake shi. Ya ce maganinsa ba irin na zazzaɓi ba ne da za a sha a warke a manta, ya fi kama da na hawan jini, riƙe ciwon yake yi muddin ana sha. Inna, Allah Ya jiƙan ta, ta saurara har ya ƙare, sannan ta gyara mayafi ta ce, “To likita, ku cire mashi kwanciyar, ku bar mashi tashin. Ita tashin ba ta dame mu ba.”

Likita ya yi murmushi ya ce tare suke zuwa, tare kuma ake riƙe su. A lokacin na ɗauki maganar Inna ta rashin sani ce. Yanzu ban tabbata ba.

Magani ya yi aiki. Yaya ya riƙa barci, ya riƙa fita kasuwa a dawo da shi lafiya, ya daina cinikin da ba a sa shi ba. Sai dai ƙwayar ta zo da wani abu: hannunsa ya fara rawa. 'Yar rawa ce, wadda malamin makaranta ba zai damu da ita ba. Amma a garinmu in an yi musabaha ba a saurin sakin hannu, ana riƙe da shi har gaisuwa ta ƙare, saboda haka duk wanda ya gaisa da shi ya ji. Sannan ga fiɗa. Ranar da ya fara huda ƙirgi, Baba Tunau, wani tsohon mahauci da ke kusa da rumfarsa, ya ɗaga fatar ya hango rana ta ciki ya ce, “Ummaru, wanga ƙirgi na ko rariya?” Aka yi dariya, shi ma ya yi. Da ya dawo gida bai ci tuwo ba.

Layya kuwa ita ce ranar mahauci. Maigida ya yanka ragonsa, mahauci ya feɗe, a soke shi a sanda a jera a gefen wuta. Akwai gidaje a Talata Mafara da tun zamanin mahaifinmu ba su taɓa kiran kowa ba sai gidanmu. Saboda haka, duk shekara in watan da ke kafin na Salla ya tsaya, sai Yaya ya ajiye ƙwayar a saman ƙofa. Cikin 'yan kwanaki hannu ya tsaya cak. Ranar Salla ya fi kowa sauri, ya fi kowa fara'a, yana fita wannan gida yana shiga wancan, mutane suna cewa Ummaru ya dawo. Bayan Salla tashi ta wuce iyaka. Bayanta kwanciya.

A nan waya ta shigo cikin labarin. Da hanyoyi suka lalace saboda 'yan bindiga, tafiya ta zama sai an yi shahada, likita ya yarda a riƙa ganawa ta waya, magani kuma a ba direba ya kawo. Na sha zama a wajen ana wannan kira. “Malam Ummaru, yaya jiki?” “Da sauƙi, likita.” Ko yana kan tabarma kwana da kwanaki bai ci ba, da sauƙi. Likitan ya san mutanensa, don haka sai ya nemi Kulu ya tambaye ta barci da abinci. Ya san ana ajiye magani, ya sha tambayar dalili, Yaya ya ce hidimar Salla ce ke sa mantuwa. Zancen hannu bai taɓa tasowa ba. A wajenmu rawar hannu kuɗin shiga ne na samun lafiya, kuma kai ƙara ga likitan da ya taimake ka kamar rashin godiya ne. Ban da haka, mahauci ba ya buɗe baki ya ce hannunsa na rawa.

Duk da haka wannan kiran shi ke dawo da shi. Yana jin nauyin dattijon nan fiye da na kowa. Kulu ta kara masa waya a kunne, likita ya yi ta magana a hankali, mu ba ma jin abin da yake faɗa, sai mu ga Yaya ya miƙo hannu a ba shi ruwa.

Sai shekarar da aka rufe layukan waya a Zamfara. Ya ajiye magani kamar kullum, ya yi Layyarsa, tashi ta zo ta wuce, kwanciya tana kamawa sai wayoyi suka mutu. Aka rufe kasuwannin mako, aka tsayar da cinikin dabbobi. Ina Kaduna, labarin gida sai ta bakin direbobi. Ƙwaya ba ta gagara ba, Lawali ya nemo ta. Abin da ya gagara shi ne muryar da za ta sa a haɗiye ta. Ba kasuwar da zai tashi dominta, ba kiran da zai ji nauyinsa. Lokacin da layi ya dawo ya riga ya yi nisa, an kara masa wayar bai ce ko da sauƙi ba. Mun kai shi Sakkwato, an kwantar da shi, ya ɗan farfaɗo, amma jiki ya riga ya zube. Da bazara zazzaɓi ya kama shi, bai daɗe ba.

In an tambaye ni me ya kashe shi, nakan ce kwana ya ƙare, kuma na yi imani da haka. In aka ce ta wane sababi, a nan nake tsayawa. Zazzaɓi ne? Yunwar da ya sa wa kansa? Layin da aka rufe? Ƙwayar da ke saman ƙofa? Kowanne na kama sai ya nuna mini na bayansa.

Lawali kuwa, ba a daɗe da rasuwar ba ya kira ni da kansa ya ce, “Baffa, ina ji abin Baba ya iso gare ni.” Ya ga alamun tun yana yaro, bai jira an ɗaure shi ba. Likitoci sun ce ciwon yakan bi jini, ko da yake ba dole ba ne. Yanzu wata likita ce ke ganinsa, tsohon ya yi ritaya, kuma ganin na gaske ne, ta kiran bidiyo. A wayarsa akwai manhaja da ke kaɗa ƙararrawa in lokacin magani ya yi, kowace safiya kuma ta jero masa fuskoki, daga mai murmushi zuwa mai kuka, ya zaɓi wadda ta yi daidai da zuciyarsa. Na duba na ga kullum mai murmushi yake dannawa. Na ce masa, kai, ko ranar da ba ka fita ba? Ya ce, “Baffa, mutum ya tashi da rai da ƙahwahu, ya ce ma waya bai lahiya? Ai butulci na.”

Nakan tambayi kaina abin da Yaya Ummaru zai ce da wannan zamani. Wani lokaci in ga da ya rayu da an cece shi, tun da yanzu likita na cikin aljihu. Wani lokaci kuma in tuna cewa wannan wayar ita ce ke kawo wa Lawali masu rantsuwa da Allah suna da jiƙon da ke warkar da ciwon cikin mako, da masu cewa ƙwayar asibiti ita ke haukata mutane. In tuna kuma yau in mutum ya tashi a kasuwa, kafin a riƙe shi an riga an ɗauke shi a waya an watsa. Da san Faru a yau aka yanka shi, da duniya ta gani, ban kuma san ko yabo za a yi ko dariya ba.

Ana saura kusan wata guda Sallar bana Lawali ya kira ni. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, “Baffa, hannu ya hwara.” Gidajen uban sun riga sun aiko cewa shi suke jira. Ya ce, “So nike in ajiye ta har Salla ta wuce. Baba ma haka ya kan yi.” Na ce ai ka ga inda ta kai shi. Ya ce, “Na gani. Na kuma ga gidajen nan ba su taɓa kiran wani ba yana da rai. Ni a hannuna za su tahi?”

Sai na kamo hanyar gida. Ranar ganawarsa da likita na zauna a gefe a zaure. Ta gaishe shi, ta ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ta tambayi barci, ya ce lahiya lau. Na ga za a ƙare kamar yadda aka saba ƙarewa. Sai ta ce, “Malam Lawali, hotonka sai motsi yake yi.” Ya ce sabis ɗin garinmu ne, ba ya zama wuri ɗaya. Ta ce sabis yankewa yake yi, ba ya karkarwa. Ta ce ya jingina wayar da bango ya miƙo hannuwansa biyu. Ya dube ni, na kau da kai. Ya miƙa.

Ta tambayi tun yaushe, ta tambayi sana'arsa. Da ya ce fawa, sai ta ce to wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenka. Ta ce sananniyar matsala ce ga irin wannan magani. A je a yi gwajin jini, a gani ko adadin maganin ya yi yawa, ana iya ragewa ko a ƙara wani ɗan magani da ke kwantar da rawar. Abin da ba a yi shi ne yankewa rana ɗaya, don a nan ciwon kan dawo da ƙarfi. Ta faɗi wannan duka cikin murya irin ta mai kwatancen hanya. Na matso na gabatar da kaina, na tambaye ta ko wannan sabon ilimi ne. Ta ce a'a, an daɗe da sani.

Na fito daga zauren ina jin na samu amsar da na yi shekara huɗu ina nema. Ashe magana ɗaya ce ba a faɗa ba. Da waya ta wancan lokaci tana da ido, da an ga hannun, da ba a ajiye ƙwaya ba. Na shiga cikin gida na tarar da Kulu tana tsince shinkafa, na kwashe duka na gaya mata. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanen miji, ba ta kuma taɓa raga mini ba. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Ku mutanen birni, da kun samu magana guda sai ku ɗaura ta a ka ku kama hanya.”

Na ce to mene ne ban gane ba? Ta ture tsakuwa gefe ta ce, “Hannu gaskiya na. Amma hannu shi na abin da aka iya hwaɗa ma mutane. Ni yayanka ya taɓa ce mani, Kulu, ƙwayar ga ta gyara ni, amma awa an rage hitila nike ji. Sau guda a shekara nike son in ga kaina da haske.” Sannan ta ce, “Ko da anka gyara hannun, ban san ko da ya bari ba. Kai ma ba ka sani ba.”

Sai maganar Inna a gaban likita ta dawo mini. Na tuna kuma ranar ta'aziyya, da mutanen Faru suka zo a kan babura duk da halin hanya, wani dattijonsu ya riƙe hannuna ya ce har gobe in an yi salla a masallacinsu ana sa Ummaru a addu'a, don shekarar da ya yanka san nan akwai gidajen da suka daɗe ba su ɗora tukunyar nama ba. Likita ya kira abin da ya faru a Faru alamar ciwo, kuma ya yi gaskiya, mu muka ga makonnin da suka biyo baya. Mutanen Faru sun kira shi sadaka, su ma ban ga ƙaryarsu ba. Na taɓa tambayar wani malami ko ana rubuta lada ga kyautar da ciwo ya tunzura. Ya ce Wanda ya halicci zuciyar Shi ya san rabon kowa a ciki. Har yau ban san wanne ne yayana a cikin ukun ba, mai tashi, ko mai kwanciya, ko wannan mai natsuwa da hannunsa ke rawa a cikin nawa.

Lawali ya je Gusau an yi gwajin, an gyara masa magani. Rawar ta ragu, ba ta tafi duka ba. Bai ce mini ya fasa niyyarsa ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai riƙa kallon saman ƙofarsa in na wuce.

Ranar Salla, da aka sauko Idi, da ragon gidanmu ya fara. Baba Tunau, wanda yanzu sai da sanda, an ajiye masa kujera a inuwa. Lawali ya durƙusa ya kama fiɗa. Ya fi ubansa jinkiri, yana tsayawa yana sake riƙon wuƙa. Ya zo wajen cinya sai bakin wuƙa ya zame ya huda fatar. Baba Tunau bai bari ta wuce ba. “Ɗan Ummaru, ubanka bai huda ta Salla!” Lawali bai ɗago ba ya ce, “Haka na, Baba. Ni ta baɗi nike son in gani.”

Yana cikin haka ƙararrawa ta kama kaɗawa a aljihunsa. Hannuwansa duk jini. Ya tsaya da wuƙa a hannu, ana kiransa daga waje cewa gidan Alhaji na jira, ita kuma tana ta kaɗawa. Sai Kulu ta fito daga madafa. Lawali ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma kallonsa ido da ido a gaban mutane. Ta kife turmi, ta ɗora kofin ruwa da ƙwayar a kai, ta juyo gare ni ta ce, “Hwaɗa ma mahaucinku wayarshi ta ishe mu.” Ta koma ciki. Ya wanke hannu ya haɗiye, ya ɗauki wuƙaƙensa ya fita.

Wasu daga cikin gidajen sun gaji da jira sun kira wani mahauci, mafi yawa sun jira. Salla ta wuce, yana barci, yana zuwa kasuwa ranar Talata. Na san kuma baɗi watan zai sake tsayawa, wayar za ta kaɗa, amma ba ita za ta ɗauki kofin ba.

In na auna abin da ya rage na Yaya Ummaru, ina ganin wuƙaƙen da Kulu ta hana su tsatsa, da gidajen da suka jira ɗansa, da ciwon da ya bar masa ba da son ransa ba, da addu'ar da ake yi a Faru saboda wata rana da likita zai ce ba ya cikin hayyacinsa. Ban iya raba su in ce wannan alheri ne wannan jarrabawa ba. Allah Ya jiƙan sa, Ya kai haske kabarinsa, irin wanda ba a ragewa.

Fatar ragon nan na roƙa aka bar mini, na kai a jeme mini buzun salla. Majemi ya ɗaga ta ya ga hudar, ya ce zai ɗinke ta yadda ba mai ganewa. Na ce ya bar ta yadda take.